Igiyar Cajin Inna

Idan kana son Manaja ya manta da shayinsa har ya huce, to ka ɗauko masa zancen igiyar caji. Nan za ka ga ilimi. Zai ture kofi gefe, ya gyara zama, ya zuge jakarsa ya riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya, kowacce a nannaɗe da ɗan maɗaurinta. Ga mai rigar saƙa wadda ba ta karyewa a wuya, ga mai kauri ta saurin caji, ga doguwa ta gefen gado, ga gajeriya ta mota, ga kuma wadda ya ce ita kaɗai ke iya kwashe hotuna daga waya zuwa kwamfuta, sauran duk wuta kawai suka sani.

"Mutane ba su gane ba," haka yake cewa, yana ɗaga yatsa. "Mutum ya sayi waya mai tsada, sannan ya je bakin titi ya kwaso mata igiyar banza. Ai zalunci ne. Igiya ita ce ran waya."

Inna, mahaifiyarsa, tana jiyo wannan karatu kullum daga ɗakinta na can ƙurya. Ba ta taɓa zuwa ta saurara da kyau ba, domin a lokacin tana zaune a ƙasa gindin soket, ta danne wuyan tata igiyar da babban yatsa, ba halin motsi.

A gidan Manaja ba a zubar da igiya, gangarawa take yi. Sabuwa tasa ce. Ran da ya ga wadda ta fi ta, sai ya miƙa wa matarsa, wadda kowa ke kira Madam. Idan ta fara sanƙwafewa a hannun Madam, sai ta sauka wajen 'yarsu Shagwaɓa, mai faffaɗar wayar nan irin ta allo, wadda ke kallo a kwance tana tauna igiyar kamar akuya. Sai cikin igiyar ya fara leƙowa, ja da baƙi, sannan a naɗe ta da salatif a ce, "A kai wa Inna, ai ita ba wani aiki take yi da waya ba." Saboda haka duk igiyar gidan a ɗakin Inna take cikawa. Mutanen gidan kuwa, da yake masu lura ne, sai suka gano cewa Inna tana cin igiya.

Wayar ma ba Manaja ya saya mata ba. Direba ne, ɗan ƙanwarta Auta, ya sayo guda biyu iri ɗaya, ya ba uwarsa ɗaya ya aiko wa Inna ɗaya, don tsofaffin biyu su riƙa jin muryar juna tunda tafiya ta fi ƙarfinsu. Da farar igiyarta ta zo a kwali. Manaja ya ɗaga ta a haske, ya lanƙwasa, ya jinjina kai.

"Wannan ta asali ce. Bari in ajiye miki ita, Inna, kada ta lalace."

Ajiyar ke nan har yau.

Su biyu suka rage a ɗakinsu, Inna da Auta. Auta tana kwance a asibitin wani gari mai nisa, da ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Kullum bayan la'asar sai ta kira. Tun kafin lokacin Inna ta shirya: ta zame daga gado ta zauna a ƙasa, ta soka igiya, ta lanƙwasa wuyan hagu, ta lanƙwasa dama, ta tokare da gwiwa, har ɗan hoton walƙiyar nan ya fito a fuskar waya. Batirin ya riga ya sha wuya a hannun igiyoyin da ake gangaro mata, ba ya riƙe wuta ko ta gaisuwa. Idan yatsanta ya gaji ya saki, magana ta ƙare.

Ba hirar arziki suke yi ba. Faɗa suke yi, irin wanda suka saba tun suna raba tabarma ɗaya, kuma shi ne abin da kowaccensu ke jira tun safe.

"Yaya, yau na ji jiki," in ji Auta ran nan. "Sun huda ni nan, sun huda ni can. Ni dai ina jin wannan karon ba tashi zan yi ba."

"Ke dai kin cika raki. Tun kina yarinya in ƙaya ta soke ki sai unguwa ta taru."

"Au, raki nake yi? To shi ke nan, na daina kiranki, ki huta."

"Daina mana! Wa ya roƙe ki?"

Inna tana dariya ta faɗa, har ta ɗaga hannu ta yarfar yadda take yi in suna zaune tare. Hannun da ke danne da igiyar ne. Fuskar waya ta yi baƙi ƙirin. Sauran maganar, wato "in kin daina wa nake da shi," ta tsaya mata a baki. Ta yi maza ta lanƙwasa hagu, ta lanƙwasa dama, ta danna da ƙarfi, sai kan igiyar ya rabu da jikinta ya zauna mata a tafin hannu.

Ta san Auta. Za ta ce kashe mata waya aka yi.

Da Manaja ya dawo da magariba, ko takalmi bai gama cirewa ba ta tare shi, tana dafa bango.

"Manaja, igiyar nan ta mutu muna tsakiyar magana da Auta. Ara min taka in kira ta, yanzu in ba ka."

"Ta mutu kuma? Haba Inna!" Ya karɓi gawar yana jujjuyawa kamar likita. "Kin gani ko? A wuya ta karye. Lanƙwasa ta kike yi."

"Sai na lanƙwasa take kawo wuta."

"To ai shi ne! Ramin wayarki ya riga ya buɗe, duk igiyar da ta shiga sai ta fito da cuta. In na soka tawa, ita ma ta tafi. Ki bari in sayo miki taki mai kyau, wadda har jikokinki sai sun gada."

"To farar nan da ka ajiye min fa?"

"Tana nan. Ai ita ce ma ba zan bari ta shiga ramin nan ba."

"To kira min Direba a wayarka, in ce ya ba uwarsa."

Nan Manaja ya tuna da agogonsa. Tun ran da Direba ya ce masa ya kamata ya leƙo asibiti a san abin yi, ya toshe lambarsa, baƙuwar lamba kuma ba ya ɗauka, don ya san halin dangi. Lambar Auta kuwa bai taɓa ajiyewa ba. Inna ma ba ta san ta da ka ba, hoton Auta take gani ta dangwala.

"Lambarsa ba ta shiga, Inna. Kin san direbobi, kullum suna hanya. Zan sake gwadawa."

Washegari ta je wa Madam. Madam tana sayar da jakunkuna da turare ta waya, saboda haka wayarta a soket take kwana take wuni, kamar maras lafiyar da ake ƙara wa ruwa. Igiyarta an ɗiga mata jan farce a kai, ta Shagwaɓa kuma an ɗaura mata zare, don kada a yi musaya.

"'Yar nan, taimaka min da igiyarki, gaisuwa kawai zan yi."

"Wayyo Inna, wallahi da na ba ki. Kwastoma ce take kan layi, in na cire yanzu ta tafi wajen wata. Kuma kin san baban Shagwaɓa ya hana aron igiya a gidan nan. In ya ji, ni zai hau."

Ta juya wajen jikarta, wadda ke kwance a kujera ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ke 'yar gidana, ba ki tausayin kakarki?"

"Kaka, darasi nake yi."

Daga cikin darasin wata mage ta faɗo daga bene, aka bushe da dariya. Inna ta tsaya ta ɗan kalla, sannan ta koma ɗakinta.

La'asar ta yi. Ta zame ƙasa ta zauna gindin soket don sabo, da baƙar waya a cinya. Tana ganin Auta a ranta, kwance, tana dangwala hoton yayarta, ana ce mata a kashe take. Abincin da aka kawo mata ta ɗan taɓa ta ture.

Kada a ce ba a yi ƙoƙari ba. Da Inna ta dame ta, Madam ta dawo daga kasuwa da wata igiya mai kai uku, kowane kai da irin bakinsa, tana ta murna ta yi abin kirki. Ana soka ta sai ta kama walƙiya, ja, kore, shuɗi, haske na gudu a jikinta daga soket zuwa waya. Shagwaɓa har da tafi.

"Kin gani, Inna? Ga wuta nan da idonki tana shiga."

Inna ta sa mata albarka har sau ba adadi. Ta zauna tun hantsi tana kallon wutar tana shiga. Ta yi azahar tana shiga, ta yi la'asar tana shiga. Wayar ta yi ɗumi kamar ƙwai a aljihu, amma ko ƙyafta ido ba ta yi ba.

Manaja da ya gani, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ba don Inna ba, don iliminsa.

"Wa ya shigo min da wannan gida? Subhanallahi! Wannan ai fitilar biki ce. Duk ƙarfinta a haske ya ƙare. Ke yanzu in wani ya shigo ya ga wannan a gidana, me zai ɗauke ni?" Ya fizge ta ya jefa a kwandon shara. "Inna, ki kwantar da hankalinki. Iri uku nake kan dubawa yanzu haka, ina karanta abin da waɗanda suka saya suka ce. Ba a gaggawa wajen zaɓen igiya. Ɗaya tana da kauri amma gajeriya ce, ɗaya kuma..."

"Manaja, ƙanwata ba ta da lafiya. Maganar ƙarshe da na faɗa mata ba mai daɗi ba ce. Tsoro nake ji ta tafi da ita."

"Haba, wace irin tafiya? Inna Auta ai ta fi ki ƙarfi. Ku da kullum cikin faɗa kuke, yau ne za ta ji haushi?"

Ya shiga ɗaki ya ci gaba da bincike. Bincike kuwa ya yi albarka, don a cikinsa ne ya gano wata sabuwar igiya mai maganaɗisu a baki, ya sayo wa motarsa. Ta Inna ce dai ba a kai ga matsaya ba.

Rannan da safe ya fita a gurguje ya bar doguwar igiyarsa a falo, tana lilo daga soket. Madam tana wanka, Shagwaɓa ta tafi makaranta. Inna ta leƙo ta gani. Matar da ba ta taɓa ɗaukar ko allurar wani ba ta lallaɓo tana bin bango, tana waiwaye a gidan ɗan da ta haifa. Ta soka. Ba ta lanƙwasa komai ba. Wayar ta yi ɗan gurnani a hannunta, hoton batir ya fito da jan layi siriri a gindinsa. Inna ta rungume ta a ƙirji tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, tana jira ta yi ƙarfin buɗewa.

Ƙofa ce ta riga ta buɗewa, sai ga Manaja ya dawo ɗaukar igiyarsa.

"Inna! Haba Inna! Me na ce miki?"

"Ɗan tsaya, ɗan nan, ta kusa. Don Allah ɗan tsaya."

"Na makara, ana jira na a ofis."

Ya zare igiyar, ya hura bakinta, ya duba ta a haske ko ta kamu. Daga ranar igiyoyi suka koma kwana a durowa mai makulli. Da daddare ta jiyo shi yana gaya wa Madam a hankali cewa Inna ta fara ɗauke-ɗauke, tsufa ne, sai an riƙa sa ido.

Daga nan Inna ta daina roƙo. Ta daina fitowa falo. Zaninta ya fara yi mata yawa, take naɗe shi sau biyu. Madam ta ce rigimar tsufa ce, ta ƙara mata sukari a shayi. Manaja ya ce ai wayar nan ma hutu ne rashinta, hasken waya ba shi da kyau ga idon manya.

Sau ɗaya ta yi yunƙurin neman wa kanta mafita. Gidan a hawa na uku yake, rabonta da ƙasa tun ran da aka hawo da ita. Ta yafa mayafi, ta ƙulle waya a bakin zani, ta kama ƙarfen matakala, da niyyar ta tari duk wanda Allah ya haɗa ta da shi a titi. Ko hawa ɗaya ba ta gama ba gwiwoyin suka ce ba da su ba. A nan Madam ta dawo ta same ta zaune, tana haki.

"Na shiga uku! Inna, so kike a ce mun kore ki? Yanzu da maƙwabta ne suka gan ki fa? A ce uwar Manaja tana yawon aron igiya a matakala?"

Ta tallabo ta da sauri-sauri, tana leƙen sama da ƙasa. A gaskiya ranar Madam ta nuna ƙarfi, don kusan ɗaukar ta ta yi.

Labarin a wayar Madam ya shigo, da yake ita ba ta rasa wuta. Tana cikin ɗora hoton sababbin jakunkuna ta ga wata 'yar uwa ta sa hoton Auta, da addu'a a ƙasa. Ta yi salati, ta kira mijinta. Suka tsaya a ƙofar ɗakin Inna, kowa na tura ɗan uwansa gaba.

Inna tana zaune a ƙasa, wajen zamanta. Ta dubi fuskokinsu.

"Ta tafi ko?"

"Sai haƙuri, Inna. Da asuba."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Allah ya jiƙan ki, Auta," ta juyar da wayar ta kifa a kan tabarma.

Kafin la'asar falo ya cika da masu gaisuwa: maƙwabtan sama da na ƙasa, abokan aikin Manaja, ƙawayen Madam. Aka fito da Inna aka zaunar a babbar kujera, wadda ba ta taɓa zama a kai ba. Manaja yana bakin ƙofa yana karɓar gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa, yana cewa ai uwa ce ya rasa, ba inna ba.

Wata dattijuwa daga hawa na biyu ta matso ta riƙe hannun Inna.

"Sannu, baiwar Allah. Kun dai samu kun yi bankwana ko? Yanzu da waya ai nesa ta zo kusa."

"Wayata ba wuta," in ji Inna. "Ba ni da igiya."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma falon ya ji. Abokan aikin Manaja, waɗanda ya sha hana su shan shayi da karatun igiya, suka ɗago suka dube shi.

"Igiya?" Manaja ya dafe ƙirji. "Haba Inna, ai sai ki yi magana! Igiya a gidan nan?"

Ya ruga ɗaki, aka ji ƙarar makulli. Sai ga shi da farar igiyar, fes, ko maɗaurinta ba a kwance ba. Ya durƙusa gaban uwarsa a idon jama'a, ya soka da hannunsa, yana bayani ko ba a tambaye shi ba: ta asali ce, dubi kaurinta, yanzu za ku ga aiki. Ramin da aka ce ya buɗe ya kama ta ƙam. Ba a jima ba wayar ta yi haske, sannan ta hau kaɗawa a cinyar Inna, tana kaɗawa, tana kaɗawa, kamar ba za ta daina ba. Hoton Auta ne ya cika fuskar, da saƙonnin murya a jere.

Inna ta dangwala na farko. Da yake kunnenta ya yi nauyi, a ƙure take barin ƙarar wayarta.

"Yaya! Ni kika kashe wa waya? To na gode. Gobe ma kada ki ɗauka, mu gani."

Wasu suka yi ɗan murmushi. Ta dangwala na gaba.

"Yaya, wasa fa nake yi. Ke ba ki san wasa ba? Kunna wayar mana."

Na gaba, muryar ta sauka. Na gaba da shi, tari ya fi magana yawa. Manaja ya miƙa hannu ya ce ko a bari sai baƙi sun tafi, Inna ta kauda hannun ba ta ko dube shi ba. Ta dangwala na ƙarshe. Da farko numfashi kawai ake ji, da muryar Direba daga gefe yana ce wa uwarsa, "Yi magana, yana ɗauka. Na kira ɗanta ya fi a ƙirga, ya toshe ni." Sannan Auta, a hankali, kalma tana jiran kalma.

"Yaya, in rakina ne ya ishe ki, na daina. Wallahi na daina. Ki yafe min. Ki kira ko zagina ne ki yi."

Dattijuwar hawa na biyu ta rufe fuska da mayafi. Madam ta gano wani abu a farcenta da ke bukatar dubawa. Manaja yana durƙushe inda yake, ya rasa ta tashi ya rasa ta zama.

Inna ta ɗaga wayar zuwa bakinta. Ta sa babban yatsan nan da ya saba danne wuyan igiya, ta danne wajen ɗaukar murya, yadda Auta ta koya mata.

"Auta, ni ce. Ban kashe miki waya ba. Ban yi fushi ba, ban taɓa yi ba. Igiya ce ta karye. Na roƙi Manaja ya ce ramin wayata zai ɓata masa tasa. Na roƙi matarsa ta ce kwastoma. Na ɗauka a ɓoye ya ƙwace, ya sa makulli. Tawa da aka aiko min tana durowarsa, sai yau da kika mutu ya fito da ita. Abin da zan ce miki ran nan, cewa zan yi in kin daina wa nake da shi. Shi ke nan maganar. Ki yi rakinki, Auta."

Ta saki yatsa. Saƙo ya tafi.

Manaja ya san waya, ba a raba shi da wannan. Idonsa na kan 'yar alamar da ke gefen saƙon, kuma a gabansa ta sauya launi. Wayar Auta tana hannun Direba.

"Inna, kawo in goge. Ba ki san yadda abin nan yake ba, yanzu sai ya shiga hannun dangi."

Bai rufe baki ba wayar Madam ta yi ƙara, sannan tasa ta yi a aljihu. Madam ta duba, ta matso ta raɗa masa cewa Direba ya riga ya tura saƙon zauren dangi na waya gaba ɗaya, har an fara magana.

Sai a lokacin hawaye ya zo wa Manaja. Tun safe yake neman su bai samu ba, yanzu ga su shaɓe-shaɓe har gemu. Wasu baƙi da shigowarsu ke nan, ba su ji komai ba, suka dafa kafaɗarsa suna cewa Allah sarki, ashe haka yake son innarsa.

Inna ba ta bi ta kansa ba. Ta juya wayar wajen dattijuwar, ta nuna mata alamar da yatsa.

"Wannan da ya sauya, me yake nufi?"

"Yana nufin an saurara, baiwar Allah. An ji saƙonki."

Inna ta daɗe tana kallon hoton.

"Ba ita ta ji ba," ta ce.